Sarkin da Bai San Wanda Ya Aike Shi Ba: Martani Kan Sairus na Farisa

Wata maƙala da ta fito kwanan baya ta ɗauki Sairus, sarkin Farisa wanda Larabawa ke kira Kurush, ta naɗa masa rawani uku a kai ɗaya. Marubucin ya ce mutumin mumini ne da ya gane Allah ɗaya tun kafin ya shiga Babila, shi ya sa littafin Ishaya ya kira shi shafaffen Ubangiji. Ya ce imanin nan ne ya sa ya saki Bani Isra'ila ya mayar da su Urushalima, ya kuma rubuta wa duniya kundin haƙƙin ɗan'adam na farko. Ya rufe da cewa duk mai shakkar Sairus ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, to bai karanta littattafan Yahudawa ba. Rubutun yana da daɗin karatu, kuma ga alama da kyakkyawar niyya aka yi shi. Sai dai shaidun da marubucin ya kira su tsaya masa, da an bar su sun ƙarasa magana, su ne za su fara kayar da shi.

Akwai abin da ba a musu a kai. Babu wani baƙon sarki da littattafan Ibraniyawa suka ɗaga kamar Sairus. Sunansa ya fito fiye da sau 20, a Ishaya da Ezra da Daniyel da Tarihi na Biyu, kuma a tsarin da Yahudawa suka fi buga littafinsu yau, shelarsa ce ta rufe littafin gaba ɗaya. Dalilin a fili yake. A shekarar 597 kafin Miladiyya, Nebukadnezzar na Babila ya kwashe sarki Yehoyakin da manyan gari da maƙera da masassaƙa daga Urushalima. Bayan kimanin shekara goma ya komo, ya ƙone Haikalin da Annabi Sulaimanu ya gina, ya rushe ganuwa, ya sake kora wasu mutanen gabas. Ana cikin wannan zama sai ga wani sarki ya taso daga Anshan, ƙaramar masarauta a kudancin Iran ta yau. Ya kayar da sarkin Mediya a 550, ya ci Lidiya da dukiyarta a yammacin Turkiyya ta yau, a watan Oktoba na 539 kuma rundunarsa ta shiga Babila. Wanda ya yi shekara hamsin a ƙasar wani, ya ga wanda ya kayar da maƙiyinsa ya buɗe masa hanyar gida, ba za a hana shi yabo ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin yabon da aka yi.

Babi na 45 na Ishaya shi ne ginshiƙin maƙalar, kuma aya ɗaya tak marubucin ya ɗauko daga cikinsa, ta farko. A can ne Ubangiji ya kira Sairus shafaffensa, ya ce ya riƙe hannunsa na dama domin al'ummai su durƙusa a gabansa, ƙofofin birane su buɗe masa. Laƙabin babba ne. A Isra'ila wanda aka zuba wa mai a ka aka keɓe shi ga sarauta ko babban aikin Haikali shi ake kira haka, irin su Ɗalutu da Dawuda da babban firist, kuma daga wannan al'ada sunan Almasihu ya fito. Amma da marubucin ya haƙura ya sauka ƙasa kaɗan, da ya iske aya ta 4 da ta 5, inda aka faɗa sau biyu a jere cewa Sairus bai san Ubangijin da ya kira shi ba. An ambaci sunansa, an ɗaura masa ɗamara, shi kuwa bai san wanda ya yi masa ba. An kuma faɗi dalilin kiran ƙarara, cewa saboda Yakubu ne, saboda Isra'ila.

Maimaita magana sau biyu a jere a irin wannan waƙar annabci ba tuntuɓen alƙalami ba ne. A kanta hujjar annabin take tsaye. Mutanen da yake wa magana sun ga an ƙone ɗakin ibadarsu, sun kuma zauna a ƙasar da ake fito da gunkin Marduk ana zagaya birni da shi cikin zinariya. A tunanin zamanin, al'ummar da aka ci da yaƙi ubangijinta aka ci. Annabin ya tashi ya ce musu a'a, Ubangijin wannan 'yar ƙaramar al'umma da aka tarwatsa shi ke juya duniya, har sarkin da ya fi kowa ƙarfi a doron ƙasa, wanda ko sunansa bai sani ba, aikinsa yake yi. Idan aka mayar da Sairus mumini, wannan hujja ta rushe, domin babu abin mamaki a ce mumini ya bi umarnin Ubangijinsa. Marubucin ya so ƙara wa labarin gishiri, sai ya zubar da miyar.

Ba kan Sairus aka fara irin wannan magana ba. Irmiya ya kira Nebukadnezzar, shi dai mai ƙone Haikalin, bawan Ubangiji har sau uku, a babi na 25 da 27 da 43. Ishaya 10 ya kira Assuriya sandar fushin Ubangiji, ya ƙara da cewa ita Assuriya ba haka take nufi ba, ɓarna ce kawai a zuciyarta, kuma za a hukunta ta idan aikin ya ƙare. A littafin Sarakuna na Farko an umarci Annabi Iliya ya shafe Hazayel ya zama sarkin Suriya, wannan Hazayel ɗin kuwa shi ne wanda Elisha ya dube shi ya fashe da kuka saboda ta'asar da ya hango zai yi wa Isra'ila. Idan laƙabi shaidar imani ne, to sai marubucin ya buɗe wa Nebukadnezzar da Hazayel sahu su shiga. Bambancin Sairus da su shi ne aikin da aka ba shi na gini ne, nasu na rushewa.

Su kansu masu sauraron annabin ba su ji daɗin zancen ba. Jikan Dawuda suke jira, kuma zuriyar tana nan da rai a Babila: allunan rabon abinci na fadar Nebukadnezzar, da aka tono a kufan birnin, sun ambaci Yehoyakin sarkin Yahuda da 'ya'yansa biyar ana auna musu mai. A ce an tsallake wannan gida an ɗora laƙabin Dawuda a kan Bafarishe, magana ce mai ɗaci. Shi ya sa a tsakiyar babin annabin ya juya ya yi faɗa, yana tambaya ko yumɓu yana da bakin tuhumar maginin tukwane kan abin da yake ginawa. Masana da yawa suna karanta wannan faɗa a matsayin amsa ga masu gunaguni kan zaɓen Sairus. Da mutanen sun san shi da tauhidi, da ba a yi gunagunin ba.

Akwai aya ɗaya da za ta iya taimakon marubucin, ko da yake bai kawo ta ba. Ishaya 41:25 ta yi maganar wanda aka tayar daga arewa da gabas, wanda zai kira sunan Ubangiji. Babi na 45 ma ya ce za a ba Sairus dukiyar da ke ɓoye domin ya san wanda ya kira shi. Duka biyun fata ne na abin da zai zo, kuma wanda ake fatan ya sani bai riga ya sani ba. Saura a duba ko fatan ya cika, amsar kuwa tana cikin rubutun fadar Sairus ɗin kansa.

A 1879 Hormuzd Rassam, ɗan asalin Mosul da ke yi wa Gidan Tarihin Birtaniya aikin tono, ya samo wani dunƙulen yumɓu mai siffar 'yar ganga a kufan Babila, tsawonsa kimanin santimita 23, rubuce da harshen Akadiya. Shi ne marubucin ya kira kundin haƙƙin ɗan'adam. Abin da ke jikinsa shi ne Marduk, babban abin bautar Babila, ya fusata da sarki Nabonidus, ya dudduba ƙasashe yana neman sarki adali, ya kama hannun Sairus, ya kira sunansa, ya tafi tare da shi kamar aboki har cikin birni ba tare da yaƙi ba. Mai karatu zai lura: kama hannu, kiran suna, buɗe ƙofa. Abin da annabin Ibraniyawa ya ce Ubangiji ya yi wa Sairus, shi firistocin Babila suka ce Marduk ya yi masa. Kowane ɓangare ya ga hannun abin bautarsa a nasarar mutum ɗaya. Bambancin shi ne rubutun Babila da sunan Sairus aka yi shi, da bakinsa yake magana, yana cewa kullum yana kula da bautar Marduk.

Firistocin suna da dalilinsu. Nabonidus ya fifita Sin, abin bautar wata na Harran, ya kuma bar Babila ya tare a Taima, a arewacin Hijaz, kusan shekara goma. Rubutunsa na Harran ya lissafa garuruwan da ya kai, har da Khaibar da Yasriba, wadda daga baya ta zama Madina. Duk tsawon rashinsa bikin sabuwar shekara, wanda ba ya yiwuwa sai sarki ya kama hannun gunkin Marduk, bai gudana ba. Da Farisawa suka matso sai ya tattaro gumakan garuruwa ya tara su a Babila. Sairus ya shigo ya tarar da malaman addini masu jin haushin sarkinsu, ya ba su abin da suke so.

Ga wurin da maƙalar ta fi yin karo da Ishaya. Babi na 46 ya buɗe da yi wa Bel da Nebo ba'a, wato Marduk da ɗansa Nabu, ana nuna su a sunkuye, an ɗora su kan dabbobi ana tafiya da su bauta. Babi na 47 ya sa Babila ta sauko daga gadon sarauta ta zauna cikin ƙura. Sairus bai yi ko ɗaya ba. Ya bar birnin a tsaye, ya gyara ganuwarsa, ya ƙara wa ɗakunan gumaka hadaya. A rubutun nasa ma ya roƙi duk gumakan da ya mayar garuruwansu su riƙa yi masa addu'ar tsawon rai kowace rana, shi da ɗansa Kambises, a gaban wa? A gaban Bel da Nabu, su biyun da annabin ya yi wa dariya. Mutumin da aka ce ya gane Allah ɗaya ke nan.

Urushalima kuwa ba ta cikin rubutun, haka Yahudawa. Wuraren da aka ambata an mayar musu da gumakansu da mutanensu su ne Ashur da Shushan da Akad da Eshnunna da Der da makamantansu, duk a Mesofotamiya da gabashinta. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne rubutun ya nuna irin siyasar da labarin Ezra zai iya dacewa da ita: sabon sarki yana gyara ɗakunan ibada, yana mayar da mutane, yana sayen biyayya da araha. Ɗansa Kambises ya yi irinta a Masar bayan ya ci ta a 525. Wani babban jami'in Masar mai suna Ujahorresnet ya bar rubutu a jikin mutum-mutuminsa, wanda ke Batikan yanzu, yana ba da labarin yadda ya tsara wa Kambises sunayen sarauta irin na Fir'auna, ya kuma kai shi ya yi sujada a ɗakin Neit a garin Sayis. Mutanen ƙasar Hausa sun san irin wannan hannu. A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato, Lugga ya yi alkawarin gwamnatinsa ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, a jawabin da ya sanar cewa ikon naɗa sarakuna da ɗora haraji ya koma hannun Turawa. Ba a taɓa jin wanda ya ce Lugga ya musulunta ba.

Zancen kundin haƙƙin ɗan'adam bai daɗe a duniya ba. Shah Muhammad Reza Pahlawi ne ya yayata shi, musamman a bikin cikar sarautar Farisa shekara 2,500 da ya shirya a Fasifolis a watan Oktoba na 1971, lokacin da 'yan sandan asirinsa na SAVAK ke cika kurkuku da masu adawa. A watan nan ne 'yar'uwarsa Ashraf ta miƙa kwafin dunƙulen ga Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga baya wata fassarar bogi ta bazu a intanet, wadda ta sa Sairus yana haramta bauta, yana ba kowa 'yancin zaɓen addini, yana alkawarin ba zai mulki wanda ba ya so ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a jikin yumɓun, kuma jimlolin da maƙalar ta jingina wa Sairus sun fi kama da na wannan fassara. Asalin rubutun na tushen gini ne, irin wanda sarakunan Mesofotamiya suka saba binnewa idan sun gyara ganuwa ko ɗakin gunki. Shi kansa Sairus ya ce a wurin aikin ya ga rubutun Ashurbanifal na Assuriya, sarkin da ya riga shi. Da irin waɗannan sarakuna yake jera kansa.

Batun haramta bauta ma ba sai an koma ga dunƙulen yumɓun ba. Ezra 2 ya ƙidaya masu komowa 42,360, sannan ya ce ban da bayinsu maza da mata 7,337. Waɗanda aka ce an 'yanta da dokar hana bauta sun koma gida da bayi a bayansu. Tarihin Babila na Nabonidus ya ce kafin a shiga birni lami lafiya an gwabza a Ofis, a bakin kogin Dijla, an kwashi ganima an yi kisa, ko da yake masana sun saɓa kan ko sojoji aka kashe ko mutanen gari. Herodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ce wani kwamandan Sairus ya sayar da mutanen Firiyene bayi, mutanen Fokaya kuma suka gwammace su shiga jiragen ruwa su bar garinsu. Sairus ya fi Assuriyawa sassauci nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Amma da takobi ya gina daularsa, kuma a fagen yaƙi ya mutu a 530, a can gabas, idan aka bi ruwayar Herodotus.

Marubucin zai ce, to shelar da ke farkon Ezra fa, inda Sairus da bakinsa ya ce Ubangiji Allah na sama ya ba shi dukan mulkokin duniya, ya umarce shi ya gina masa ɗaki? Wannan ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Littafin Ezra yana ɗauke da umarnin Sairus iri biyu. Na babi na 1 da Ibrananci yake, shela ce ga jama'a, cike da harshen addinin masu sauraro. Na babi na 6 da Aramiyanci yake, harshen ofisoshin daular, kuma an ce a taskar Ekbatana aka samo shi, Hamadan ta yau, bayan an nema a Babila. Wannan na biyun takardar ma'aji ce tsantsa: tsayin ginin kamu 60, faɗinsa kamu 60, jeri uku na manyan duwatsu da jeri ɗaya na katako, a biya daga baitulmalin sarki, a mayar da kwanonin zinariya da azurfa da Nebukadnezzar ya kwashe. Babu shaidar imani a ciki, babu ma maganar komowar mutane. Masana tarihi da dama sun fi amincewa da wannan a matsayin mafi kusa da abin da ya fito daga fada. Ko an karɓi shelar farko yadda take, ba ta wuce abin da aka gani a Babila ba, inda Marduk ne ya ba shi mulkin duniya. Fadar Farisa tana yi wa kowace al'umma magana da sunan abin bautarta. Shelar ma da kanta ta siffanta Ubangiji da Allahn da ke Urushalima, kamar yadda ma'aikacin daula zai rubuta a rajista. Da Dariyus, wani sarkin Farisa na baya, ya sabunta umarnin, ya faɗi abin da sarki ke so a madadin kuɗinsa: a riƙa hadaya ana yi wa sarki da 'ya'yansa addu'ar tsawon rai. Buƙatar da aka kai wa gumakan Babila ita aka kai Urushalima.

Sannan ginin bai tashi a zamanin Sairus ba. Ezra 4 ya ce maƙwabta sun yi ta ba jami'ai toshiya suna hana aikin duk tsawon mulkinsa, kuma ba a ji sarkin da aka ce imani ya motsa shi ya aiko a bincika ba. A 520, shekara goma bayan mutuwarsa, Annabi Haggai yana faɗa da mutanen Urushalima kan sun zauna cikin gidaje masu rufi mai kyau alhali ɗakin Ubangiji kango ne, kuma bai ambaci sunan Sairus ko sau ɗaya ba. Sai a shekara ta shida ta Dariyus, wajen 515, aka gama. Komowar ma ba guguwa ɗaya ba ce. Allunan wani ƙauye a ƙasar Babila da ake kira Al-Yahudu, Garin Yahuda, sun nuna iyalai masu sunayen Ibraniyawa suna noma suna biyan haraji daga 572 har 477. Takardun gidan kasuwanci na Murashu a Nippur sun nuna su a can bayan wannan ma. Da yawa ba su ga dalilin barin gonakinsu ba.

Daga ina, to, aka samo labarin Sairus mai karanta annabci? Daga Yosifus, marubucin Bayahude da ya rubuta tarihin mutanensa a Rum wajen shekarar 93 Miladiyya, fiye da shekara 600 bayan abin ya faru. Shi ne ya ce Sairus ya karanta littafin Ishaya, ya ga sunansa, sha'awar cika annabcin ta kama shi. Ezra bai faɗi haka ba, cewa ya yi Ubangiji ya zuga ruhun sarkin, wato abin daga sama ya zo masa. A nan akwai saɓanin da ya kamata maƙalar ta sanar da masu karatunta. Masu riƙe da al'adar gargajiya, Yahudawa da Kirista, sun yi imani Ishaya na ƙarni na takwas kafin Miladiyya ne ya ambaci Sairus tun kafin a haife shi. Yawancin masana na jami'a kuwa suna ganin babi na 40 zuwa 55 aikin wani annabi ne da ya rayu cikin zaman Babila, yana jin labarin nasarorin Sairus suna matsowa. Ibn Ezra, malamin Bayahude na Andalus a ƙarni na 12, ya riga ya yi ishara da haka. Kowanne mutum ya ɗauka, ayoyin 4 da 5 suna nan inda suke.

Malaman Yahudawa na Talmud, waɗanda ba za a ce ba su karanta littafinsu ba, sun fi marubucin taka tsantsan. A sashen Megilla an yi tambaya kai tsaye ko Sairus Almasihu ne, aka amsa da sake karanta ayar: Ubangiji yana kai ƙarar Sairus ne wurin Almasihu, cewa an umarce shi ya gina ɗakin ya tattaro korarru da kansa, shi kuwa ya tsaya a cewa mai son tafiya ya tafi. A sashen Rosh Hashana an ce sarkin Farisa ya fara da kirki daga baya ya yi tsami, ɗaya daga cikin hujjojin kuwa ita ce waccan buƙata ta a yi wa sarki addu'a, wato don kansa ya yi.

Saura Zulƙarnaini. Wannan ra'ayi ba marubucin ya ƙirƙiro shi ba, kuma manya sun riƙe shi. Maulana Abul Kalam Azad, ministan ilimi na farko a Indiya, shi ya fi kowa kafa masa hujja a tafsirinsa, Maududi ya karkata gare shi, haka Ɗabaɗaba'i a Al-Mizan. Magabata kuwa sun rabu, wasu suka ce Iskandar ne, wasu suka ce wani sarkin Himyar, Ibn Kasir ya kai shi zamanin Annabi Ibrahim. Hukunci a kan wannan na malaman tafsiri ne. Abin da martanin nan ya tsaya a kai shi ne cewar marubucin littattafan Yahudawa sun yanke gardamar. Hujjar ita ce ragon nan mai ƙaho biyu na Daniyel 8. Littafin ya fassara shi da kansa, ya ce sarakunan Mediya da Farisa ne, daula ce ba mutum ɗaya ba, kuma ƙarshen ragon a wahayin shi ne wani bunsuru daga yamma, Girka, ya karya ƙahonin ya tattake shi. Ɗaya hujjar ita ce siffar nan mai fukafukai huɗu da kambi mai ƙahoni a Fasargada, wadda yawancin masana ke ɗauka siffar mai tsaron ƙofa ce, da kambi irin na Masar. Zulƙarnaini na Alƙur'ani mai tauhidi ne da ke jingina komai ga rahamar Ubangijinsa. Wanda zai ce Sairus ne, aikin da ke gabansa shi ne ya yi bayanin addu'ar da ke gaban Bel da Nabu, kuma Ishaya ba zai taya shi ba.

Me ya sa wannan duka ya dami mai karatu a yau? Domin laƙabin Sairus bai daina aiki ba. A 1953, da aka gabatar da Harry Truman a wata makarantar malaman Yahudawa a New York a matsayin wanda ya taimaka aka kafa Isra'ila, sai ya ce shi ne ma Sairus. A watan Maris na 2018 Benjamin Netanyahu ya jera Donald Trump da Sairus a Fadar White House saboda batun Ƙudus, wata ƙungiya a Isra'ila ta buga tsabar tunawa mai ɗauke da fuskokin su biyun, wasu masu wa'azi a Amurka kuma suka haɗa babi na 45 da shugaba na 45. Abin lura, su waɗannan sun fi marubucin fahimtar ayar, domin hujjarsu ita ce ba sai shugaba ya zama mutumin kirki ba kafin a yi aiki da shi. Haɗarin da ke ciki shi ne ta zama lasisin wanke duk mai mulkin da ya yi wa wani ɓangare alheri, a daina tambayar abin da ya yi wa sauran.

Littattafan Ibraniyawa ba su daina wannan tambaya ba. Kimanin shekara 90 bayan shelar Sairus, Nehemiya, mai shayar da sarki Artashate a Shushan, ya zo Urushalima a 445 ya tarar da ganuwa a rushe. Babi na 5 na littafinsa ya kawo kukan talakawa: sun jinginar da gonaki da gonakin inabi, sun ci bashi don biyan harajin sarki, wasu har 'ya'yansu mata sun shiga bauta. A babi na 9, cikin doguwar addu'ar da jama'a suka yi a tsaye suna azumi, sun ce su bayi ne a ƙasar da aka ba kakanninsu, amfanin gonarta na tafiya ga sarakunan da aka ɗora musu, masu iko da jikinsu da dabbobinsu yadda suka ga dama. Sarakunan da ake nufi magadan Sairus ne, kuma addu'ar tana shafuka kaɗan bayan shelar Sairus ɗin.